Bautar Ƙasa Ko Farautar Takarda?

Duk lokacin da Hukumar Yi wa Ƙasa Hidima ta saki takardun kira, wayoyin manya ba sa hutawa. "Ranka ya daɗe, yaron nan naka an jefa shi Ebonyi, a taimaka a dawo mana da shi." Idan an dawo da shi, sai waya ta biyu: kada a kai shi ƙauye, a bar shi cikin gari. Idan an bar shi cikin gari, sai ta uku, wadda ake yi da murya ƙasa-ƙasa: a samo masa ofishin da ba za a riƙa nemansa kullum ba, saboda yana da ɗan kasuwancin da yake taɓawa. Shekara na zagayowa yaro ya sa kaki, ya ɗaga takardarsa a yi masa hoto, dangi su cika Facebook da barka da arziki. Wane gari ne ya ga amfaninsa, wane yaro ne ya iya karatu a hannunsa, babu mai tambaya.

Wannan ha'inci ne, kuma da hannunmu a ciki dumu-dumu. Mun saba duk abin da ya lalace mu ɗora wa Abuja, mu kaɗe riga. A wannan karon laifin ya biyo ta falon gidajenmu, ya bi ta sakatariyar ƙaramar hukuma, ya shiga ofishin shugaban makaranta, kafin ya kai Abuja.

A tuna yadda abin ya faro. Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, ya bar ƙasa da makoki da zargin juna. Ranar 22 ga Mayu, 1973, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fitar da Doka ta 24 wadda ta kafa hukumar, Farfesa Adebayo Adedeji yana shugaba, Kanar Ahmadu Ali yana darakta. Ɗaliban jami'a na lokacin ma ba su yi maraba da shirin ba, sai da suka yi zanga-zanga. Rukunin farko mutum 2,364 ne kacal, aka watsa su jihohi 12 na wancan zamani, kowa a jihar da ba tasa ba. Manufa biyu ce: 'ya'yan ƙasa su san juna, sannan a kai masu ilimi inda ake ƙarancinsu. Ina ne kuwa ake ƙarancin nasu in ba Arewa ba? Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu maƙil da yara, malamai suka yi ƙaranci ƙwarai. Ka tambayi duk wanda ya yi sakandare a Arewa a wancan tsakani wa ya koya masa lissafi ko kimiyya, amsar ba ta cika wuce Ba'indiye, ko ɗan Ghana, ko ɗan bautar ƙasa daga Kudu ba. Daga cikin manyan da ke buga wayar nan a yau akwai waɗanda ba za su shiga jami'a ba da a ce iyayen wancan malami sun buga irin wannan waya.

Yau ana kiran matasa fiye da 300,000 a shekara. Alawus ɗin da ya daɗe a naira 19,800 ya koma 33,000 a 2020, ya kai 77,000 a 2025. Lissafa wata 12, kowane mutum ɗaya ya ci wa ƙasa naira 924,000, ban da kaki da takalmi da abincin sansani. A haɗa duka, ana maganar fiye da naira biliyan 270 a alawus kawai. Kuma buƙatar da aka kafa shirin dominta ba ta ragu ba, ƙaruwa ta yi. Ƙiyasin da UNICEF ta daɗe tana bayarwa shi ne yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, na UNESCO na 2022 ya kai kusan miliyan 20, kuma kowa ya san yankin da mafi yawansu suke. A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ga aiki jibge a gefe guda, ga dubban ɗaruruwan masu digiri da aka riga aka biya a ɗaya gefen, amma an rasa mai haɗa su, domin kowa ya fi samun riba idan ba su haɗu ba.

Bari in fara da ku iyaye. Ƙa'ida ta yarda a sauya wa mutum jiha saboda rashin lafiya, ko aure ga mace, ko rashin tsaro. Me kuka yi da wannan rangwame? Kun mayar da shi kasuwa. Yaron da jiya ya buga ƙwallo har magariba, yau an samo masa takardar asibiti cewa yana da ciwon asma mai tsanani. Yarinyar da ko kuɗin gaisuwa ba a kawo ba, an buga mata takardar aure da sunan ɗan kawunta. Alhaji, kai da ba ka rasa sahun farko, me ake kiran wannan in ba shaidar zur ba? Ka sa likita ya yi ƙarya, ka sa ma'aikaci ya karɓi na goro, sannan ka koya wa ɗanka, a ranar farko da ƙasa ta nemi wani abu a wurinsa, cewa doka ta 'ya'yan marasa galihu ce. Nan da shekara 20 idan ya zama darakta ya sace kuɗin magani, kai ne za ka fara cewa yaran zamani ba su da tsoron Allah.

Na san amsar da za a ba ni: tsaro. Wannan magana ce mai nauyi, ba zan yi wasa da ita ba. A watan Afrilun 2011, a rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa, an kashe 'yan bautar ƙasa 10 a jihar Bauchi, yaran da hukumar zaɓe ta ɗauka aiki a rumfuna. Baƙinmu ne, amana ce a hannunmu, aka mayar wa iyayensu gawa. Wannan abin kunya yana wuyanmu, kuma duk ɗan Arewan da ke jin haushin uwar da ta hana 'yarta zuwa yankinmu, ya fara tuna wannan tukuna. A watan Agustan 2023 ma 'yan bindiga sun tare mota a Zamfara sun sace matasa takwas 'yan Akwa Ibom da ke kan hanyar sansanin Sakkwato, na ƙarshensu sai da ya yi kusan shekara a daji. Hukumar da ke tura yaro ya bi hanyar da jami'anta ba sa bi sai da rakiyar soja, ta cancanci duk tsinuwar da aka yi mata. Uban da ya ce ɗansa ba zai je inda ake satar mutane ba, yana da gaskiya.

Amma tsaro ya zama bargon da kowa ke lulluɓe ƙyuyarsa da shi. Wane ɗan bindiga ne ya hana ɗan Kano da aka tura Jigawa ya wuce Dutse ya je Birniwa ko Gwiwa? Wane hatsari ne a makarantar da ke nisan awa guda daga Gombe? Abin da ake gudu a can rashin lantarki ne, da ɗibar ruwa a rijiya, da rashin inda za a sha iska da yamma. Mutanen da ke zaune a waɗannan garuruwa ba shekara guda aka yanke musu ba, rayuwarsu ke nan, kuma harajinsu da arzikin ƙasarsu ne suka riƙe jami'ar da ɗanka ya gama.

Sai 'yan bautar ƙasa na fatalwa, waɗanda kowa ya san da su. Mutum yana Legas ko Abuja yana harkarsa, sau ɗaya a wata ya hau mota ya zo ya dangwala yatsa a na'urar tantancewa, ya ajiye wa wanda ke rufa masa asiri kasonsa, ya juya. Shugaban wurin aikin ya sa hannu cewa yana zuwa kullum. Duk ranar yaye rukuni hukumar takan sanar cewa ta ƙara wa wasu wa'adi, wasu za su maimaita shekara saboda gudun aiki, sai dai waɗanda ake kamawa galibi waɗanda ba su iya biya ba ne. Ga wanda ke ganin an tsaurara matakan tantancewa, ya tuna abin da ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya bankaɗo a ƙarshen 2023: ya samo digiri daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin makonni shida, ya kawo aka karɓa, aka tura shi bautar ƙasa, alhali ya taɓa yi a baya. Sai da labarin ya fita gwamnati ta dakatar da amincewa da digirin Benin da Togo.

Dubi kuma abin da muke ɗauka da girma. A 2018 ministar kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye muƙaminta saboda takardar ɗauke bautar ƙasa da ta gabatar ta tabbata ba ta gaskiya ba ce, ko da yake kotu ta ce daga baya tun asali hidimar ba ta wajaba a kanta ba. Takarda ta iya tuge minista daga kujera. Amma ban taɓa jin inda aka zauna ɗaukar ma'aikaci aka tambaye shi me ya bari a garin da ya yi hidima ba. Wanda ya yi wata 11 yana fama da yara 90 a aji ba benci, da wanda ya yi wata 11 yana sayar da waya a wani gari, takarda iri ɗaya ce a hannunsu. Su matasan ba wawaye ba ne, sun ga abin da ake aunawa, shi suke kawowa.

Yanzu ga waɗanda suka zo da zuciya ɗaya, kuma suna da yawa. Me muke yi da su? Ranka ya daɗe ciyaman, an turo maka yara 40 daga sansani da jakunkunansu, ina ka tanadar musu su kwana? Masaukin da wani ciyaman ya gina shekara 30 da suka wuce rufinsa ya yaye, bayan gida ya cika, an bar su suna raɓewa a masallaci ko coci. Wasu wuraren da ƙyar ake karɓarsu, a rubuta musu takardar ƙi, su yi mako biyu suna yawo ofis-ofis suna roƙon a ba su aikin da ƙasa ta riga ta biya. Ɗan alawus ɗin da wasu jihohi suka yi alkawarin ƙarawa kuwa, sai a yaye rukuni ana bin bashi. Mu da muke alfahari da karɓar baƙo, ga baƙon da ya zo koya wa 'ya'yanmu karatu yana kwana a ƙasa, ba wanda ya aika masa ko kwanon tuwo.

Inda aka karɓe su hannu bibbiyu ma, sau da yawa don a ci da guminsu ne. Gwamnoni sun gano cewa ɗan bautar ƙasa malami ne da Abuja ke biya, ba ya neman ƙarin girma, ba ya shiga yajin aiki, ba shi da fansho. Sai a shekara biyar ba a ɗauki malami ba, ana toshe ɓaraka da kaki. Ƙa'idar ƙasa ta ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, akwai ma hukumar rajistar malamai, amma wanda ya karanta halayyar jama'a sai a miƙa masa fizis saboda ba kowa. Makonni ukun da ya yi a sansani sun tafi a fareti da gudun asuba da gasar sarauniyar kyau da zaman kasuwar mami. Ɗan abin da aka koya masa na harshen gari bai wuce gaisuwa da tayin kaya ba. Ga shi a gaban yaran da ba sa jin Turanci, shi ba ya jin Hausa. Malaman dindindin kuwa, da ganinsa sai su sauke masa darussansu, wannan ya tafi gona, wancan ya hau babur ɗinsa ya tafi acaɓa. Zuwan rukunai bai dace da zangon karatu ba, saboda haka sai ya tafi ana tsakiyar zango, ajin ya zauna wata uku ba malami, wani ya zo ya faro daga inda ya ga dama. A 2012 gwamnati ta ce daga yanzu ba za a tura su ko'ina ba sai ilimi, da lafiyar karkara, da noma, da ayyukan raya ƙasa. Magana mai kyau. Je ka leƙa ma'aikatun Abuja da na manyan biranen jihohi ka ƙirga masu kaki nawa ne ke zaune ba tebur, ana aiken su sayo abinci.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da ake kira aikin raya al'umma, wanda aka ware wa rana guda a mako. A nan ne ya kamata a ga haɗuwar shirin da buƙatar gari ƙuru-ƙuru. Me ake gani? Allon barka da zuwa a bakin gari. Fentin shataletale. Zanen wurin tsallaka titi a hanyar da mota biyar ba ta bi a wuni. Rumfar jiran mota da sunan mai ita da lambarsa da manyan baƙaƙe, domin da hoton ne zai nemi lambar yabo ta jiha. Nisan taku ɗari daga wannan allo akwai famfon tuƙa-tuƙa da ya mutu shekara biyu saboda wani ƙarfe da kuɗinsa bai kai na fentin ba. Akwai makarantar da 'yan mata ke daina zuwa da zarar sun fara girma saboda babu makewayi. Akwai asibitin sha-ka-tafi da ba mai rubuta sunayen masu ciki balle a bi su awo. Ba wanda ya zauna da dagaci, ko liman, ko ungozoma, ko shugabar mata, ya ce me ya fi damunku. Shirin duba marasa lafiya na karkara da hukumar ta fara a 2014 yana da amfani, amma zuwa ne na 'yan kwanaki: a auna hawan jini, a raba magani, a ɗauki hoto, a tafi. Wanda aka gaya wa jininsa ya hau, wa zai duba shi wata mai zuwa?

Mu da muka gaji gayya bai kamata a koya mana wannan ba. Mai gona ne ke faɗin aikin, ya sa rana, ya tanadi fura, 'yan gayya su zo da fartanyarsu, kuma kafin rana ta faɗi kowa ya ga kunyar da aka noma da wadda ta saura, an kuma san wanda ya laɓe a inuwa. Ba a taɓa gayyar da baƙi ke zaɓar gonar da suka ga dama, su nome gefen hanya don masu wucewa su gani ba.

Kuma an yi abin da ya yi aiki a ƙasar nan, a idonmu. Bayan Kano da wasu jihohi sun dakatar da rigakafin shan inna a 2003, cutar ta bazu har ƙasashen waje. Abin da ya juya lamarin, ban da shigowar sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar daga 2009, shi ne dubban mata 'yan sa-kai da aka ɗauka daga cikin unguwanninsu. Kowace an ba ta gidajen da za ta kula da su. Ta san wadda ta haihu, tana zuwa suna, ta san maigidan da ke ƙi da dalilinsa, kuma akwai mai bin sawun aikinta. Ɗan abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba, hatsarin kuwa na gaske ne, domin a Fabrairun 2013 an harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Ba su fasa ba. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Yawancin matan nan ba su da digiri. An dai faɗa musu aiki takamaimai, a wuri takamaimai, aka kuma riƙa dubawa. Shi kuwa shirin N-Power na ɗaukar matasa aiki, da aka fara a 2016 da alawus ɗin naira 30,000, aka ɗauki har mutum 500,000 a rukunai biyun farko, an ce musu 'yan sa-kai su ma, sai dai cutar bautar ƙasa ta kama shirin tun yana jariri: sunaye a takarda, makarantu ba kowa, har aka dakatar da shi a 2023 don bincike.

Kai ma ɗan samari ba ka tsira ba. Kana kukan alawus ba ya isa, gaskiya ne, tsadar rayuwa ta cinye ƙarin tun kafin ya iso. Amma ka karɓa. Ka yi rantsuwa a gaban alƙali ranar da aka rantsar da ku a sansani. Idan kana ganin shirin zalunci ne, ka fito ka faɗa da babbar murya, ka nemi a gyara ko a soke. Ka karɓi kuɗin wata 12 ka yi aikin mako uku, sannan ka hau intanet kana zagin ɓarayin gwamnati, wannan ba ya cikin jarumtaka.

Masu cewa a soke shirin gaba ɗaya, har ƙuduri sun kai Majalisar Wakilai a 2021, ba na tare da su, duk da cewa na fahimci abin da ya ƙule su. Soke shi ma ba ƙaramin aiki ba ne, tunda dokarsa tana cikin waɗanda tsarin mulkin 1999 ya kare. Kuma a ƙauyuka da dama, likita ɗaya tilo da aka taɓa gani yana kwana a garin ɗan bautar ƙasa ne. Idan aka soke, ɗan mai kuɗi bai rasa komai ba, dama can ba ya zuwa.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma ko taron bita a otal. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan. Kowace ta rubuta, kafin a buɗe sansani, makarantar da ba malamin lissafi, da asibitin da ba ma'aikaci, da ɗakin da baƙo zai kwana, a tura mutum kan wannan gurbi da sunansa, wanda zai gaje shi ya iso kafin ya tafi. A manna sunayen waɗanda aka turo a ƙofar fadar hakimi da ƙofar makaranta, yadda duk mai wucewa zai san wa ya kamata ya gani a aji. Kada a ba da takardar kammalawa sai iyayen yara da kwamitin makaranta sun shaida. Inda hanya ba ta da aminci kada a tura kowa, a bar 'yan yankin su yi a gida, amma su yi da gaske. Masu unguwanni da dagatai kuma ku daina jira a kawo muku: ku share ɗaki biyu, ku sa ƙofa da makulli, ku tafi sakatariya da jerin abin da garinku ya rasa, ku ce a ba ku mutum biyu, ɗaya mai lissafi ɗaya mai aikin lafiya, kuma duk watan da ba ku gan su ba za ku dawo ku faɗa.